Janar, Kanar da Manjo a Teburin Mai Lofe

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin na yarda in rubuta wannan labari. Abu biyu ne suka riƙe mini hannu. Na farko, akwai wata kalma a cikinsa da ba na son in rubuta. Sai da na je wurin malamin unguwarmu na tambaye shi, ya ce wanda ya ba da labarin abin da wasu suka faɗa bai zama ya yarda da shi ba. Na koma na sake tambayarsa, ya ce in tafi in bar shi ya huta. Na biyu, ko da yake sojoji sun daɗe da komawa bariki, har yau in mota ta tsaya a ƙofar gidana ba a kashe inji ba, sai in tashi in leƙa ta taga. Karatuna bai wuce firamare ba, don haka a yi haƙuri da rubutun. Na yi shi ne saboda ku 'yan baya da kuke aikin hidima a otal-otal da gidajen baƙi.

Sunana Umaru. A shekarun da kuɗin mai suka yi yawa, ana ta shimfiɗa titi da tayar da gini ko'ina a Sakkwato, ina aikin hidimar tebur a gidan hutawar wani kamfanin gine-gine na Turawa, a kan hanyar Kwalkwalawa. Ga wanda bai san aikin ba, tsarinsa shi ne: manaja a sama, sai shugaban masu hidima wanda muke kira Baba Cif, sai kuku, sai mu masu farin kaya da ke kai abinci da shayi. Ko furfura gare ka boyi za a kira ka. In ka ajiye abin da aka ce ka kawo, sai ka ja baya ka tsaya jikin bango, inda za a iya yafuto ka amma ba za a tuna kana nan ba. Ranar da aka ɗauke ni, Baba Cif bai yi mini dogon bayani ba. Ya kama kunnensa ya ce, “Wanga, in ka sa farin kaya, ka bar shi gida.”

Ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba wata Asabar ce, gab da faɗuwar damina. Amma sai na ɗan koma baya kafin ku gane ta.

Akwai wani injiniya Bature da muke kira Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa. Yana son koyon Hausa, sai ya ɗauki wani malamin makaranta, Ticha Bitrus, mutumin Filato, Kirista, mai zama a Sabon Gari, yana zuwa kowace Asabar da rana yana koya masa a baranda. Ticha mutum ne mai dariya da ƙarfi, ba ya iya magana a hankali ko da sirri ne. Na ukunsu Malam Nasiru, akawu a ofishin gwamnati, ɗan wani gidan malamai na Ƙofar Taramniya, wanda aikin filaye ya haɗa shi da Mai Lofe har suka saba.

Da Mai Lofe ya gaji da karatun littafi, sai ya fito da wani wasa da ya zo da shi daga ƙasarsu, ya ce a riƙa yin sa da Hausa don bakinsa ya faɗa. Ban taɓa ganin irinsa ba. Ba kati ba ne, ba dara ba, kuma ba a sa kuɗi. Wata babbar takarda ake shimfiɗawa mai zanen wata ƙasa da babu ita a duniya, da duwatsu da kogi da birane. Mai Lofe shi ne mai ba da labari. Zai ce, kun iso bakin kogi, ga wani tsoho a cikin jirgi, me za ku yi? Su kuma su faɗi abin da za su yi, sai a jefa wata ƙwaya irin ta ludo amma mai fuskoki barkatai, lambar da ta fito ita za ta nuna ko sun yi nasara.

Matsalar ta fara ne ranar da labarin ya kai ga waɗanda mutanen wannan ƙasar ta ƙarya suke bauta wa. Mai Lofe ya faɗi kalmar da Turanci, ya dubi Ticha. Ticha, da yake a littafinsu na coci kalmar tana nan, bai ji komai ba, ya ce, “Alloli.” Allah ya gafarta mini, na rubuta. Ina zuba shayi a lokacin, sai da na zuba shi a kan faranti.

Malam Nasiru ya dube ni, ya dubi Ticha, ya ce, “Ticha, ba a garin ga ba. Dubi Malam Umaru, ka kusa kashe shi. Nemo wata kalma.”

Ticha ya ce, “To, iskoki.”

Ban san lokacin da na sa baki ba, ni da aka hana ni kunne. Na ce, “Yallaɓai, waɗannan ai na 'yan bori ne. Kiran su za ku yi.”

Aka ce gumaka, Mai Lofe ya ce ba sassaƙa su aka yi ba. Aka ce aljanu, na ce wasan yakan kai su kusa da magariba, ba a ambaton su a lokacin. Ticha ya ce to sarakuna. Malam Nasiru ya ce, “A Sakkwato za ka zauna kana maganar wani sarki ya yi wa wani tawaye? Kai dai ba ka son zaman lafiya.” Sai ya yi murmushi. “Ku ba su muƙaman soja. Ba wanda ya zaɓe su, ba mai iya tambayarsu, kuma in sun yi faɗa talaka ke shan wuya.”

Ticha ya yi dariya har ya bugi tebur. Ni ma na ji sanyi a raina, na ga an rabu da saɓo. Daga ranar, babbansu mai sama da tsawa ya zama Janar. Mai kogi, wadda mace ce a labarin, ta zama Kanar. Maƙerin da ke zaune a ƙarƙashin dutse da wutarsa ya zama Manjo.

Abin da ya fi ba su daɗi ba jefa ƙwayar ba ne, gardama ce. Mai Lofe ba ya faɗin abin da ke gaba, sai dai ya saki alama kaɗan ya koma ya kunna lofe, su kuma su yi ta hasashe. Ticha ya kafe a kan cewa Kanar da Manjo sun haɗa kai a ɓoye za su tumɓuke Janar. Malam Nasiru ya ce ba zai yiwu ba, ruwa da wuta ba sa shiri, kuma Kanar ƙanwar Janar ce, ta yi masa rantsuwa.

“Gabar nan tasu ta ganin ido ce,” in ji Ticha. “Ka lura, duk lokacin da Janar ya hana ruwa, kogi yana ƙafewa ko'ina, ban da gindin dutsen Manjo. Wa ke ba maƙeri ruwan da yake kashe ƙarfe da shi?”

“Maƙwabtaka ce kawai.”

“To takubban da yake ƙerawa fa? Janar ya ce a yi masa kaɗan, shi kuma dare da rana yana bugu. Ina sauran suke zuwa?”

“Kai da ma mutanenku ba ku yarda da kowa.”

“Ku kuma in mutum ya yi rantsuwa shi ke nan kun kwanta barci.”

Haka suke yi kowane mako, suna tsokanar juna. Ni kuma ina jikin bango da butar shayi. Gaskiya ita ce kunnena bai zauna gida ba. Ina komawa ɗaki in yi ta juya maganar a raina, in yi istigfari, in sake juya ta.

Ku tuna lokacin da muke ciki. Ba a daɗe ba da wani yunƙurin juyin mulki da aka harbe mutane a kansa, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka harbe mutanen wajen su Ticha ne. Ko a kasuwa, in an zo maganar gwamnati sai a rage murya.

A waccan Asabar ɗin barandar ba su kaɗai ba ne. Wasu baƙi 'yan kwangila sun sauka, suna teburin da ke kusa, ban san su ba. Gardama ta yi zafi, Ticha ya miƙe tsaye, ya ɗora yatsa a kan taswirar, ya ce da muryarsa da ake ji har kicin, “Ku rubuta ku ajiye. Kafin ruwan sama ya sauka, Kanar da Manjo za su kifar da Janar. Makaman suna nan a ɓoye a bakin kogi.”

Na ga ɗaya daga cikin baƙin ya ajiye cokali. Bai juyo ba. Ya dai daina cin abinci. A nan take na ji maganar da kunnen wanda bai san wasan ba: Bature, da taswira, da mutumin Filato, da kogi, ga shi kuma kogin Rima ba nisa da mu. Na so in je in ce wa baƙon wasa ne, amma mai hidima ba ya zuwa teburin da ba a kira shi ba. Na tsaya a inda nake.

Cikin makon nan Mai Lofe ya tafi hutu ƙasarsu, ya kwashe littattafan wasan da taswirar, sai gwangwanin ƙwayoyin kawai ya bari a kabad. Bai daɗe da tafiya ba, wata safiya ina goge kofuna, kuku ya ce wata mata tana nemana a ƙofar baya. Matar Ticha ce, Maman Ladi, da goyo. Idonta ya kumbura.

Ta ce, “Malam Umaru, wasu mutane masu kayan gida sun ɗauke Baban Ladi a ƙofar makaranta. Sun zo sun birkice ɗaki, suna tambaya ina Kanar yake zama. Wane Kanar? Mu ba mu san soja ko ɗaya ba.”

Na ce mata sunan wani abu ne a cikin wasa. Ta dube ni kamar na zage ta.

“To ka je ka faɗa musu. Yana cewa kullum kana tsaye a wurin.”

Na kai maganar ga Baba Cif, don haka tsari yake, ba a tsallake shi. Ya kai wa manaja. Manaja ya ce Ticha ba ma'aikacin kamfani ba ne, kamfani ba ruwansa. Baba Cif ya dawo ya ja ni bayan kicin ya ce, “Umaru, mi ka ji?” Na fara faɗa masa, ya ɗaga hannu. “Ba ka ji komi ba. Kana da ɗiya, ka tuna.”

Da la'asar na hau keke na nufi Ƙofar Taramniya. Malam Nasiru ya fito daga zaure, da ya gan ni sai ya ja ni can gefen wani kanti. Ya riga ya ji. Ya rame a 'yan kwanakin nan.

Na ce, “Malam, kai za su saurara. Ɗan gidan malamai ne kai, ga Turanci.”

Ya ce, “In na je, mi zan ce? Dole in faɗi ko su wa munka laƙaba wa sunayen. Kafin in dawo gida magana ta riga ni. Mahaifina yana ba da karatu a zauren can, Malam Umaru. A ce ɗansa na zama yana lissafin wane abin bauta zai kayar da wane? Ba zai sake ɗaga kai a garin ga ba.” Ya kama hannuna. “Don Allah, in ta kai ka ga magana, kada ka ambace ni.”

Ban yi masa alkawari ba, ban kuma ƙi ba. Ya dai kwatanta mini gidan da ake tsare mutane irin haka, wani gida marar allo a ƙofa, a unguwar ma'aikata.

Na kasa cin abinci. In na tuna gidan nan sai in ce ba zan je ba. In na ce to bari in yi shiru, sai in tuna an koya mana tun muna yara cewa ɓoye shaida zunubi ne, kuma ba a ce sai shaidar Musulmi ba. Sannan ga wani tsoron a kan waɗannan: in na je, dole bakina ya furta kalmar nan, don ba yadda za a yi a wanke Ticha ba tare da ita ba. Matata ta ce ciwo nake yi. Na ce mata shawara ce.

Da safe na sa farin kayan aikina, don ina ganin ba za a doki mutum cikin kayan kamfanin Turawa ba. Na buɗe kabad na ɗauki ƙwaya ɗaya daga gwangwanin Mai Lofe. Na je in nemi izinin Baba Cif don kada ya zama sata, ya juya mini baya ya ce, “Ni ban gan ka ba yau.”

A ƙofar gidan soja ne da bindiga. Na ce na zo ba da shaida a kan malamin makaranta. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ba a taɓa kawo kai nan ba sai dai a kawo mutum. Aka zaunar da ni a benci a rana har inuwa ta juya, sannan aka shigar da ni wani ɗaki. Mutumin da ke bayan tebur ba ya cikin kaki. Doguwar riga ce fara a jikinsa, da hula, Hausarsa ta Kano, muryarsa a kwance. Da ya yi mini tsawa da na fi samun sauƙi.

Ya ce, “Boyi ne kai?”

“E, ranka ya daɗe.”

“Me ka zo faɗa?”

Na ce maganar da aka ji wasa ce. Na ajiye ƙwayar a kan tebur, ta gangara. Ya tare ta, ya juya ta a tafin hannunsa.

“Shi ma haka ya ce. Kowa in ya zo nan wasa yake cewa. Wane ne Janar?”

“Ba mutum ba ne, ranka ya daɗe.”

“Aljani ne?”

“A'a.”

“Gunki?”

“A'a, ba sassaƙa shi anka yi ba.”

“Anka yi,” ya maimaita, yana kwaikwayona. “To Basakkwace, ba mutum ba, ba aljani ba, ba gunki ba. Mene ne? Ina da aiki.”

Na yi kalmar shahada a zuci, don in na mutu a wurin ta zama ita ce ta ƙarshe ba ɗayar ba. Na ce, “Alloli ne na ƙarya, ranka ya daɗe. Na cikin labarin Bature. Astagfirullah.”

Ya kwantar da baya a kujera ya yi dariya. “Kai, Musulmi, a garin nan, kana kai wa masu wasa da alloli shayi?”

“Aikina ke nan, ranka ya daɗe.”

Ya ce in ba shi labarin tun daga farko, kuma in sani cewa Ticha ya riga ya ba da nasa, in suka saɓa to mu biyu ne a ciki. Na faɗa masa Janar shi ne mai tsawa, Kanar mace ce mai kogi, Manjo maƙeri. Na faɗa masa maganar ruwan da ba ya ƙafewa a gindin dutse, da takubban da suka yi yawa. Yana ji yana kaɗa kai, wani lokaci ya ce, “Haka ya ce.” Har ya tambaye ni yadda ake jefa ƙwayar, ya jefa, ya leƙa lambar.

Sai ya ce, cikin raha, “To kai da kake tsaye kana ji, wa ke da gaskiya? Za su kifar da shi?”

Da na ce ban sani ba, da ƙarya na yi, don na daɗe da nawa ra'ayin. Kuma ganin ya saki fuska ya sa na saki baki. Na ce, “Ni a ganina duk sun kuskure, ranka ya daɗe. Janar ya sani. Mai sama ba abin da ke ɓoye mishi a bakin kogi. Shi ya bar su su tara makaman, yana kallo, don ya ga ko su wa za su bi su. In sun gama taruwa sai ya kwashe su gaba ɗaya.”

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ajiye ƙwayar a hankali.

“Wa ya faɗa maka haka?”

“Ba kowa, ranka ya daɗe. Ni na yi tunani.”

“Boyi yana tunani.” Ya daɗe yana kallona. “Ka taɓa faɗa wa wani?”

“A'a.”

“Kada ka fara.”

Na rantse ba zan fara ba. Ya jawo wata takarda ya yi rubutu kaɗan, sannan ya ce ba tare da ya ɗago ba, “Wa ya ce a sa musu sunayen soja?”

Nan ne na tuna hannun Malam Nasiru a kan nawa. Ba na iya ƙarya, ba na kuma son in kashe wani tsoho da baƙin ciki. Na ce, “Saboda ni anka canza, ranka ya daɗe. Ni ne ban iya jin waccan kalmar ba.” Wannan gaskiya ce, na sha auna ta daga baya, ban sami ƙarya a cikinta ba.

Ya yi ɗan murmushi. “Kana ɓoye ɗan gidan malaman nan. Ba sai ka wahala ba, mun san shi, mun san babansa. Ba shi muke tambaya ba.”

Na yi ƙarfin hali na ce, “To Ticha fa, ranka ya daɗe?”

“Shi daga ina yake?”

Ya san amsar, bai jira tawa ba.

“Za mu duba,” in ji shi. “Tashi ka tafi. Ka manta hanyar gidan nan.”

Ya jefa ƙwayar cikin aljihunsa. Da ake fita da ni ta wani lungu, na ji wani yana tari a bayan wata ƙofa. Na sha gaya wa kaina muryar Ticha ce, na sha kuma gaya wa kaina ba ita ba ce. Mutumin da na sani da dariya ne, ban san tarinsa ba.

Na koma aiki. Baba Cif bai tambaye ni inda na je ba, sai dai ya mayar da ni kicin wankin kwanoni na wani lokaci, ya ce fuskata ba ta dace da gaban baƙi ba. Duk motar da ta shigo harabar sai in leƙa ta taga. Tsoro ya hana ni zuwa Sabon Gari, ina ganin ana bina. Sai da ruwa ya sauka sosai sannan na daure na je.

Na tarar da ɗakinsu a buɗe, an share shi, ba ko tabarma. Wani tela da ke ƙofar gidan ya ce mini wata babbar mota ta zo da sassafe ta kwashe kayansu, kuma da idonsa ya ga Ticha a kwance a baya kan katifa, an lulluɓe shi da zane, yana motsi. Wata mai tuyar ƙosai da ke tsallaken titi ta ce ita ta taya Maman Ladi ɗaure kaya, kuma ba wani namiji a motar sai direba da yaransa, abin da tela ya gani buhunan tufafi ne. Suka fara musu a gabana. Ba wanda ya san garin da motar ta nufa.

Da Mai Lofe ya dawo na faɗa masa komai, har da ƙwayar da na ɗauka. Ya cire lofen daga bakinsa, abin da ban taɓa gani ba. Ya shiga mota ya je ya ga manya, ya dawo da yamma, ya ce mini da Hausarsa, “Sun ce an sake shi.” Na ce, “Ka gan shi?” Ya ce a'a. Bai sake shimfiɗa taswirar ba har ya bar ƙasar. Malam Nasiru kuma bai sake taka gidan hutawar ba. Mun sha haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure, mu gaisa, kowa ya kama gabansa, har Allah ya yi masa rasuwa.

Abin da nake so ku 'yan baya ku ɗauka shi ne, za a ce muku mai hidima ba shi da kunne, kuma a yawancin kwanaki wannan ita ce hanyar zaman lafiya. Amma ku sani ku ne kaɗai kuke jin magana tun daga farkonta. Baƙon da ke teburin kusa tsakiyarta kawai yake tsinta. In kun ga magana ta faɗa kunnen da bai san asalinta ba, lokacin gyara ta shi ne kafin mutumin ya tashi daga kujera, ko da za a ce kun yi rashin ladabi. Bayan nan sai dai a je gidan da ba allo a ƙofa, kuma a can, na gani da idona, mutum uku za su zauna tebur ɗaya su yi magana ɗaya, a tambayi garin mutum ɗaya kawai.

Yanzu ga roƙona. Duk wanda ya san wani malamin makaranta mai suna Bitrus, mutumin Filato, dogo, mai wushirya, wanda ya koyar a Sakkwato a wancan lokaci kuma ya zauna a Sabon Gari, ko ya san matarsa, ko 'yarsu Ladi wadda yanzu ta isa ta yi jikoki, don Allah ya sanar da ni ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu. Ba na neman komai a wurinsu. Ina so ne kawai a gaya mini, kafin in mutu, ko mutum ne a kwance a bayan motar nan ko buhunan tufafi.